Faifan Baba

A ɗakin ajiya na bayan sashe, can Samaru,
inda kujeru masu ƙafa uku ke jiran hukunci,
na same ta lulluɓe da tsohon labule:
kwamfutar Baba, mai ƙeya kamar tulu,
farin jikinta ya koma launin haƙorin mai cin goro.

Malam Barau mai makulli ya ce,
"Ladidi, gobe 'yan gwangwan za su zo da ma'auni.
In akwai abin da kike so, to yau ne."

Faifan na cikin jakata.
Shekara tara ya yi a ƙasan adakar Inna,
ta zaci wa'azi ne, ta naɗe shi a ɗankwali.
A bayansa rubutun Baba, a karkace kamar gero cikin iska:
Duniyoyi, na uku.

Muka jona waya. Ta yi tari,
ta yi gurnanin injin markaɗe da ya ci tsakuwa,
sannan wani koren ɗigo ya fito
yana ƙifta ido, yana jiran in fara magana.

Manhajar ba ta da kwalliya.
Misali ce kawai da ta biyo faifan daga nesa,
irin ta "ga yadda ake yi, ƙarasa da kanka."
Baba ya ƙarasa.
Tsakanin layukan yaren inji
ya bar nasa da Hausa, a gurbin da inji ba ya karantawa:
"A nan takan shaƙe, a yi haƙuri da ita."
"Kar a taɓa lambar nan, ni ma ban san dalili ba."

Da yatsa ɗaya na buga umarni.

Hoton bai zo a dunƙule ba.
Layi-layi ya sauko daga sama
kamar masaƙi na jefa ƙoshiya,
zare kan zare, baƙi kan baƙi,
har Malam Barau ya fara cewa ta lalace.
Sai ga gefen wani abu mai ruwan toka.
Wata ne, amma ba namu ba,
ba wanda ake leƙe daga kan Kufena ba,
duk jikinsa ramuka kamar tandar waina
da mai tuya ta tashi ta bari.

Na biyu Zuhal ne,
ƙwarya zaune a tsakiyar marufinta.
Malam Barau ya dafe ƙirji yana dariya:
"Ashe faifai ne cikin faifai!"

Ni ban yi dariya ba.
Na tuna miyar da Inna ke ɗumamawa sau biyu,
da ƙarar sarƙar kekensa a zaure bayan isha.
A ce, "Ina ka tsaya?"
Ya ce, "Na je nesa."
Mu kuwa mu ce ai Kwangila ce nesan.

A ƙarshen jeri akwai suna ɗaya
da ba na Turawa ba.
Sunana ne, da ƙananan baƙaƙe,
a gefensa: "Wannan nata ne, in ta girma."

Na girma, Baba. Na danna.

Baƙi ya sauko, layi goma, layi hamsin,
sai wani siririn haske ya fara lanƙwasa
kamar bakin akushi a ɗaki mai duhu,
ya ƙaru kaɗan,
ya ƙaru,

aka ɗauke wuta.

Muka zauna muna jin fanka tana mutuwa.
Janareto ba mai. La'asar ta wuce.

Na ce, "Nawa 'yan gwangwan za su biya?"
Ya ɗaga ta, ya yi nishi, ya faɗi kuɗi.
Ban taya ba.

Yanzu ga mu a keke mai ƙafa uku,
mun hau gadar Kubanni, tana bisa cinyata,
nauyinta ya kashe min ƙafa.
Direba ya waiwayo:
"Hajiya, wannan tsohuwar talabijin tana kamawa kuwa?"
Na ce tana kamawa.
Ya ce, "Wace tasha?"
Na ƙara riƙe ta, saboda ramin da ke gaba.